Ya zan karya rubutu ya shiga layin harafi 32 a takardar faktur?

Bappa_Garwa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta wa kawuna ɗan program da PHP don butik ɗinsa na kayan masarufi a babbar kasuwar Garwa, yana da ƙaramar firinta irin mai takarda 58mm ɗin nan, layi ɗaya harafi 32 kawai take ɗauka. So nake sunan kaya ya zauna hagu, kuɗi ya zauna dama, in suna ya yi tsawo ya sauka ƙasa ba tare da an raba kalma biyu ba. Na sa wordwrap (mai karya layi) da str_pad (mai cike sarari) na PHP, wasu layukan sun fito tsaf amma duk inda akwai "man gyaɗa" ko "ƙwai" ko sunan Faransanci kamar crème sai kuɗin ya goce baya, wani lokacin ma wata alama ta banza ke fitowa a ƙarshen layi. Kawu dai ya ce kwastoma ba zai yarda da faktur mai karkace ba, kuma gaskiyarsa ne. Don Allah wa ya taɓa cin karo da wannan?

Malam_Issa_Njamena:
Wa alaikumus salam ƙanena. Firintarka lafiya lau take, matsalar wajen ƙirga ce. wordwrap da str_pad da strlen (mai auna tsawon rubutu) duk byte suke ƙirgawa, wato ma'aunin wurin da rubutu ke ci a kwamfuta, ba harafi ba, kuma a UTF-8, tsarin da ake ajiye haruffa da shi, su ɓ, ɗ, ƙ, ƴ kowanne byte 2 ne, haka è da é na Faransanci. Gwada da kanka: strlen na "ƙwai" zai ba ka 5 alhali harafi 4 ne, "ɗanɗano" zai ba ka 9 maimakon 7. To str_pad yana ganin wurin ya riga ya cika sai ya rage sarari, shi ya sa kuɗin ke ja baya. Alamar banzan nan kuma na kusan tabbata ka kunna cut ne a wordwrap, wato zaɓin yanka doguwar kalma, sai ya yanka harafi mai byte 2 a tsakiya, rabi sama rabi ƙasa. Ka koma mb_strlen (na auna tsawo) da mb_substr (na yanka), su harafi suke ƙirgawa ba byte ba. In PHP ɗinka 8.3 ne akwai mb_str_pad, in tsoho ne ka cike sararin da str_repeat.

Hadiza_Marwa:
Ni shawarata ka bar wordwrap gaba ɗaya ka rubuta naka, bai kai layi 20 ba wallahi. Ka ware 22 wa suna, 10 wa kuɗi tunda sefa lambobinta na da tsawo, 125 000 kaɗai ta ci 7. Sai ka farfasa sunan kalma-kalma, ka fara da layi fanko, kowace kalma ta zo ka duba: tsawon abin da ke layin, da sarari 1, da tsawon kalmar, sun wuce 22? In basu wuce ba ka liƙa ta, in sun wuce ka ajiye layin ka buɗe sabo da ita. Wurare biyu mutane ke faɗuwa, na farko mantawa da layin ƙarshe bayan loop ya ƙare sai ka ga kalmar ƙarshe ta ɓace, na biyu kalmar da ita kaɗai ta fi 22, irin lambar kaya mai tsawo, wannan dole ka yanka ta da mb_substr in ba haka ba firinta za ta karya ta inda ta ga dama. Kuɗin kuma a layin farko kawai zaka sa shi.

Usmanu_Ngaundere:
Abin da Hajiya Hadiza ta bayyana shi ne hanyar cika layi iya cikarsa kafin a sauka, kusan haka textwrap na Python ma yake yi. Akwai wata hanyar ta Knuth da Plass tun 1981, ita TeX, manhajar tsara rubutun littattafai, ke amfani da ita, tana duba sakin layi gaba ɗaya don gefen dama ya daidaita, amma wannan aikin littafi ne, kada ka wahalar da kanka a kan faktur.

Abin da ya fi damuna daban ne. Ko ƙirgan ya yi daidai, yawancin ƙananan firintocin nan masu ESC/POS (harshen umarnin firintar faktur) teburin haruffansu irin su CP437 da CP858 ne, é da è suna ciki amma ƙ da ɗ babu. Sai dai ko ka mayar da su k da d kafin ka tura, ko ka zana faktur ɗin a matsayin hoto mai faɗin ɗigo 384 ka buga. Ni na fi son hoto duk da ya fi jinkiri, don ban ga dalilin da Faransanci zai fito cikakke namu kuma ya fito a gurguje ba.

Bappa_Garwa:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Yaya Hadiza na rubuta loop ɗin da mb_strlen, a allon kwamfuta kuɗin duk sun jeru. Malam Usmanu in na bi ta hoto, wane font ne mai faɗi ɗaya da ke da ƙ da ɗ da ɓ, DejaVu Sans Mono zai yi? Kuma da GD, kayan zana hoto na PHP, kake zanawa ko da wani abin?