Taƙaitawar muhawara kan sake haɗuwar tsofaffin ƙungiyoyin kiɗan rock

1. Akasarin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa kuɗin tikiti ne ke dawo da tsofaffin ƙungiyoyi fagen wasa, domin abin da manhajar sauraron waƙoƙi ta Spotify ke biya kan kowane sauraro bai taka kara ya karya ba.

2. Da aka sayar da tikitin wasannin dawowar ƙungiyar Oasis a 2024, shekara 15 bayan rabuwarsu, farashi ya yi ta hauhawa a shafin sayar da tikiti na Ticketmaster alhali mutane suna kan layi, don haka aka ba da shawarar mutum ya yanke iyakar abin da zai kashe tun kafin ya shiga.

3. Ra'ayi ya rabu kan 'yan ƙungiyar Led Zeppelin, waɗanda suka sake haɗuwa suka yi wasan dare ɗaya tak a Landan a 2007. Wasu sun yaba, wasu kuma sun kira shi rowa.

4. An shawarci matasan mawaƙa su riƙa sayar wa masoyansu faifai da riguna hannu da hannu.