Kallon tsuntsaye ko duban tsuntsaye?

Jama'a, a taya ni tsayar da magana ɗaya. Abin nan da Turawa ke kira birdwatching, wato mutum ya yi sammako da kyamara da ɗan littafi ya nufi bakin fadama yana bin tsuntsayen daji da ido, ba harbi ba tarko, wane suna za mu ba shi?

Galibi "kallon tsuntsaye" ake cewa, ni kuwa bai kwanta mini ba. Kallo na ɗan kallo ne, a filin dambe ko gidan zu: ana yi, shi nasa ido. Wannan kuwa aiki ne. Mutum zai lafe a gindin gawo har ƙafa ta yi tsami, yana lura da launin baki da tsawon wuya, yana sauraron kuka, don ya rabe zalɓe da balbela, ko dinya da kirinjijiya. In ya tabbatar, ya rubuta rana da wuri.

"Kiwon tsuntsaye" na masu tattabara ne. "Leƙe" kuma kowa ya san ba kalmar mutunci ba ce. "Nazarin tsuntsaye" ya yi, amma a bar wa masana irin na cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, su da suke sa wa tsuntsu zobe a ƙafa suna auna fiffike.

Ni zaɓina "duban tsuntsaye". Ku tuna duban wata: akwai lokacin fita, akwai inda ake tsayawa, sai an tabbatar kafin a ce an gani, sannan a kai labari. Haka abin yake. Tun 2015 akwai shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa kai ke tura jerin abin da suka gani a unguwanninsu, ko da kurciya ce da hankaka da shirwa. Wanda ya je Dagona a Yobe ko Baturiya a Jigawa lokacin hunturu, sa'ad da agwagin ruwa ke sauka daga Turai, shi ma shaida yake kaiwa. Kai, manomin da ya ga shamuwa ta dawo ya fara gyaran gona, ai dubawa ya yi, ba kallo ba.

Wani daɗin kuma, daga duba aka samu madubi, sai na'urar nan mai ido biyu da ake hango nesa da ita ta zama "madubin hange".

Sai dai a kiyaye wajen kiran masu yi. "Masu duban tsuntsaye" za a ce, cikakke. Kada a gajarta a ce "'yan duba", don wannan sunan masu bugun ƙasa ne.

'Yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi, ku ya kuke cewa a can?