Mai ƙoƙari, haziƙi ko mai baiwa?

1/ Malamai da masu fassara, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Yaron da ake kira "gifted" da Turanci, wanda ake so malamin firamare ya gano shi tun yana aji biyu ko uku, da wane suna za mu kira shi a takardar da malami zai cike?

2/ Abin ya dame ni ne domin kalmar da ke kan takardar ita ce ke nuna wa malami inda zai kai ido. Ka ce masa "rubuto mana masu ƙoƙari", nan take zai ba ka mai zuwa na ɗaya, mai tsabtar littafi, mai yawan ɗaga hannu. Ƙoƙari aikin yaro ne, ba shi muke nema ba. Na cire ta, har da "mai ƙwazo".

3/ "Haziƙi" ta fi kusa, amma kunnenmu ya saba jin ta a kan saurin ɗaukar karatu da riƙe shi. To ina za mu sa yarinyar nan ta bencin baya? Kafin malam ya gama rubutu a allo ta gama lissafin, ta hanyar da ba a koya mata ba, sannan ta koma surutu don zaman ya ishe ta. Rubutunta kuwa sai a hankali. Malamai kaɗan ne za su ce mata haziƙa. Fitinanniya za a ce.

4/ Kuma ba yau aka fara tsallake irinta ba. A 1921 Lewis Terman na Jami'ar Stanford a Amurka ya fara bin diddigin yara kusan 1,500. Mafi yawansu malamai ne suka fara miƙa sunayensu, sannan aka yi musu gwajin kaifin basira. William Shockley da Luis Alvarez ba su kai makin ba, aka bar su. Daga baya kowannensu ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, a 1956 da 1968. Ma'aunin ne ya yi ƙunci.

5/ Ni dai "mai baiwa" na zaɓa, jam'i "masu baiwa". Baiwa tana da faɗi: akwai ta lissafi, ta zane, ta magana, ta shugabanci. Tana kuma tilasta a tambaya: baiwar me? Na san baki ya saba da "ɗan baiwa", amma a rubuce ba a nuna karin sauti, wani zai iya karanta ta da ma'anar bauta. A takardar makaranta gara mu kauce.

6/ Abin da malami ke bayarwa kuma, mu ce "shaidar malami", kada mu ce "tantancewa". Shaida ana haɗa ta da wasu: gwaji, aikin yaron, bakin iyaye. Kan takardar sai ya zama: "Shaidar malami kan yara masu baiwa". Wanda ke ganin "fasihi" ta fi, ya kawo mana jimlar da zai sa ta a ciki mu ji.