Takardun da ake nema wajen mai koyar da falsafa ko addini a jami'a

Abin da aka fi nanatawa idan ana maganar waɗannan takardu shi ne digirin digirgir. Hukumar NUC, mai kula da jami'o'i ta ƙasa, ta daɗe tana matsa wa jami'o'in Najeriya lamba a kansa, kuma da wuya mutum ya kai babban lakcara babu shi. Mai digiri na biyu yana iya shiga a mataimakin lakcara, daga baya ya nemi tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ya yi digirin digirgir.

Ana jan kunnen waɗanda suka yi karatu a Azhar ko Madina su kai takardunsu Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance, kuma kada su tsallake bautar ƙasa ta NYSC. Ijazar zaure kuwa, wato shaidar karatu da malamin zaure ke ba ɗalibinsa, ofishin rajistara ba ya lissafa ta. A ganina wannan asara ce, domin wanda ya sauke littattafan manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja, a gaban malami ya fi masu digiri da yawa gane hujjojin Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka.