Musayar Waƙa: Wa Ke Tsaron Masu Leƙen Asiri?

Mai Alƙalami:
Salama gare ku, malaman zaure,
Tambaya na zo da ita a ɗaure:
Hukumar da ke leƙen asirin waje,
Nata asirin, wa zai tsare?

Tsohon Jami'i:
Ƙanena, akwai sashen da aka ware,
Ɗan leƙen maƙiyi shi yake tare,
Ya gano wanda aka saye a cikin gida,
Ya toshe kafa kafin sirri ya zurare.

Dubi Aldrich Ames, CIA ta Amurka ta amince,
Ta ba kura ajiyar nama ta mance,
Reshen Sobiyet na sashen yana hannunsa,
A 1985 ya bi Masko ya kauce.
Sunan masu kawo labari ya miƙa,
Aƙalla goma Sobiyet ta halaka.

'Yar Zazzau:
Baba, ina na'urar kama ƙarya?
Ba ita ce ke tare musu hanya?

Tsohon Jami'i:
'Yata, sau biyu ya hau ya sauka lafiya,
1986 da 1991, aka wanke shi duk da alamar ƙarya.
Gumi da numfashi take awo,
Ba ta da ikon auna gaskiya.

Malam Mai Lissafi:
Gidan dala 540,000 ya saya lakadan,
Motar Jaguar a ƙofa, albashi kuwa kaɗan.
Sandy Grimes ta CIA ta jera ranakunsa na ganawa
Da jami'in Sobiyet, da ranakun zubawa
A banki, ta ga suna ta haɗuwa.
FBI ta tone shararsa da dare,
Ta haɗa takardar da ya yage ya watsar,
Fabrairun 1994 aka tafi da shi a ɗaure.

Saboda haka, Yaya, a raba sirri kashi-kashi,
Kowa iya aikinsa kawai za a ba shi,
Fayil in an buɗe a rubuta mai buɗewa,
Dukiyar ma'aikaci a riƙa bin sawunta da shi.
In ana zargin uku, a ba su takarda ɗaya,
Kowace da ɗan bambanci a ɓoye a baya,
Wadda ta ɓulla wurin maƙiyi ta nuna mai kaya.

'Yar Zazzau:
Malam, zargi ma in ya yi yawa ɓarna ne,
Zamanin Angleton, shugaban farautar maciya amana a CIA, shaida ne:
Nosenko ya gudo daga KGB, hukumar leƙen Sobiyet, a 1964,
Fiye da shekara uku yana kulle a hannun CIA, zalunci ne.
Jami'ai masu gaskiya aka dakushe,
Aikin sashen Sobiyet ya kusa rushe,
Sai 1974 aka sauke Angleton daga kujera.