Muzurun da fitsari ya toshe masa: abin da na tattaro

Jama'a ga taƙaitaccen abin da aka tattauna kan wani muzuru da yake ta tsugunawa yana kuka amma fitsari ba ya fita sai ɗigo-ɗigo, wani lokacin ma da jini. Wasu sun ce ai cushewar ciki ne a ba shi manja, to masu kiwon mage da suka daɗe sun ce a'a, in namiji ne kuma yana yawan lasar gabansa, ya daina cin abinci yana amai, to mafitsara ce ta toshe saboda hanyar fitsarin muzuru siririya ce, kuma cikin kwana 2 zuwa 3 zai iya mutuwa don ƙoda takan tsaya guba ta taru a jini.

Abin da aka fi nanatawa: don Allah kar a ba mage farasitamol, ko rabin ƙwaya kashe ta yake, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Kuma kar a matsa masa mara wai fitsarin ya fito, mafitsarar na iya fashewa.

Mafita dai likitan dabbobi ne a ranar, ba gobe ba. Zai yi masa allurar barci ya zura siririyar roba ya zuƙe fitsarin, a sa masa ƙarin ruwa. Na kusa da Zariya akwai asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU).

Bayan an sallame shi ruwa ya wadata kullum, a rage busasshen abinci, a riƙa lura da fitsarinsa don abin yakan dawo.