Neman asalin iyalin matata da suka yi hijira daga Sikotlan zuwa Kanada

Baban Safiya:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina zaune a Halifax, babban birnin lardin Nova Scotia a Kanada, kuma matata 'yar asalin tsibirin Cape Breton ce, daga dangin da ke amsa sunan MacNeil. Yaranmu sun san salsalarsu ta wajena, domin mahaifina ya ƙirga mana kakanninmu tun yana da rai, amma ta wajen mahaifiyarsu abin ya tsaya ne a kan kakan surukina. Abin da dangin suke faɗa shi ne cewa kakanninsu sun fito ne daga tsibirin Barra da ke yammacin Sikotlan, wasu kuma daga cikinsu suna ƙarawa da cewa a jirgin ruwan Hector suka zo. Babu takarda ko ɗaya a hannunmu da ta tabbatar da wannan zance. Da na rubuta sunan John MacNeil a ScotlandsPeople, shafin intanet na hukumar Sikotlan mai ɗauke da tsofaffin takardun haihuwa da aure da mutuwa, masu sunan da suka fito sun fi ƙarfin a tantance. Ina roƙon wanda ya san kan wannan aiki ya nuna mini inda ya kamata in fara, da kuma ko labarin jirgin yana da tushe.

Malamin Tarihi:

Wa'alaikumus salam, Baban Safiya. Shawarata ita ce ka dakata da binciken Sikotlan tukuna, domin wanda ya tsallaka teku da suna kawai a hannunsa zai dawo da mutum ɗari masu sunan, ba tare da ya san wanne ne nasa ba. Aikin yana farawa ne daga surukinka, a bi baya ɗaya bayan ɗaya, kowane uba da takardar da ta haɗa shi da ɗansa, har a kai ga mutumin da aka haifa a can aka binne a nan.

Game da jirgin, ina shakkar labarin ƙwarai. Hector ya iso Pictou, a nan Nova Scotia, a watan Satumba na 1773 daga Loch Broom da ke arewa maso yammacin Sikotlan, ɗauke da mutum kusan 190, akasarinsu mutanen arewacin babban yankin Sikotlan masu bin ɗarikar Furesbiteriyan. Mutanen Barra kuwa Katolika ne, kuma zuwansu ya kankama ne daga shekarun 1790 zuwa shekarun farko na ƙarni na 19, inda da yawa suka zauna a kewayen tafkin Bras d'Or da ke Cape Breton, wajen Iona da Grand Narrows da Christmas Island. Har mashigin ruwan da ke tsakanin Iona da Grand Narrows sunan Barra aka sa masa. Hector ya yi suna ne har ya zama kowane gida yana so a ce da shi a ciki. Ga kuma wata matsala: kafin 1865 ba a tattara sunayen fasinjojin da ke shigowa Kanada bisa ƙa'ida, don haka kada ka ɗora dukkan fatanka a kan samun jerin sunayen wani jirgi.

Abin da zai fi amfanar ka yana nan kusa da kai, a ma'adanar takardun tarihi ta Nova Scotia da ke Halifax. Lardin ya yi rajistar haihuwa da mutuwa daga 1864 zuwa 1877, sannan aka daina, ba a koma ba sai 1908, amma rajistar aure ta ci gaba a tsakanin, kuma takardun auren sukan ambaci iyayen ango da na amarya. Idan kakan da ya yi hijirar ya rasu a cikin waɗannan shekaru goma sha uku, to ka yi sa'a, domin ana iya samun sunan mahaifinsa a rubuce. Ƙidayar jama'a ta 1871 za ta nuna maka wanda aka haifa a Sikotlan da wanda aka haifa a Nova Scotia a cikin gida ɗaya, kuma daga shekarun yaran za ka iya kintata lokacin zuwansu. Akwai kuma takardun neman fili da baƙi suka rubuta wa hukumar Cape Breton, wadda ta kasance yanki mai gwamnatin kansa daga 1784 zuwa 1820. A cikinsu mai nema yakan faɗi shekarunsa, da yawan iyalinsa, da tsawon zamansa a tsibirin, wani lokaci har da inda ya fito.

Injiniya daga Calgary:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma a ganina an zaɓi doguwar hanya. Me zai hana uwargida ta yi gwajin DNA? Kamfanonin da ke yin sa suna nuna wa mutum danginsa na jini da su ma suka yi gwajin, kuma ba mamaki a cikinsu a tarar da wanda ya riga ya kammala binciken, sai dai kawai a karɓa a gode.

Hajiya Maman Ikram:

Ɗan uwa Injiniya, gwajin yana da amfani, amma a wannan dangin musamman yana iya rikitar da mutum. Al'ummar Barra 'yar ƙarama ce da ta daɗe tana auren juna, kuma da suka sauka a Cape Breton sun ci gaba da hakan har tsawon zuriya da dama. Sakamakon haka, mutum biyu sukan haɗa jini ta hanyoyi huɗu ko biyar a lokaci guda, sai gwajin ya nuna su a matsayin dangi na kusa alhali kakan da suka haɗa yana da nisa. Gwajin da ke bin layin uba kaɗai kuwa namiji ne ke yin sa, wato sai dai surukin Baban Safiya ko ɗan uwan matarsa. Haka nan bishiyar zuriyar da wani ya ɗora a intanet ba hujja ba ce har sai an ga takardar da ya dogara da ita.

Ni abin da nake so in jaddada shi ne tsofaffi. Mutanen nan, a harshensu na Gelik, ba su dogara da sunan dangi wajen gane juna ba, tunda rabin ƙauye MacNeil ne. Suna kiran mutum ne da sunan ubansa da na kakansa, kamar yadda muke cewa wane ɗan wane jikan wane, sau da yawa tare da laƙabi na launin gashi ko na sana'a. Idan akwai gwaggo ko kawu a dangin da ya haura shekara tamanin, ka je da matarka ku zauna da shi, ku ɗauki maganarsa a waya, ku tambaye shi yadda ake kiran gidansu, ba yadda ake rubuta shi a takardar hukuma ba. Wannan jerin sunayen shi ne zai raba John ɗinku da sauran. Ku bi ta maƙabartar cocinsu, domin a kan tsofaffin duwatsun kabari akan sassaƙa cewa mamacin haifaffen Barra ne, tare da shekarunsa. Gidan tarihi na Highland Village da ke Iona da cibiyar Beaton ta Jami'ar Cape Breton a Sydney duka suna da tarin bayanan iyalan yankin.

Baban Safiya:

Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Akwai yayar surukina da ke da rai, kuma za mu nemi ganinta. Tambayar da ta rage ita ce, idan Allah ya sa muka gano sunan wanda ya yi hijirar da na mahaifinsa, me za mu iya samu a Sikotlan kanta?

Malamin Tarihi:

Ka shirya wa samun kaɗan. Rajistar hukuma ta haihuwa da aure da mutuwa ta fara a Sikotlan ne ranar 1 ga Janairu 1855, ƙidayar farko mai ɗauke da sunayen kowa kuwa ta 1841 ce, kuma duka biyun sun zo ne bayan mutanenku sun tafi. Tsofaffin littattafan majami'un Cocin Sikotlan ba su cika ɗauke da Katolika ba, sai ka duba littattafan baftisma na Katolika, waɗanda su ma suna kan ScotlandsPeople, inda duba jerin sunaye kyauta ne amma ganin hoton takardar sai an biya.

Dabarar da ta fi aiki ita ce neman 'yan uwan da ba su tafi ba. Takardar mutuwa ta Sikotlan tana ambaton mahaifin mamaci da mahaifiyarsa, har da sunan gidansu kafin aure, saboda haka tsohuwar da ta rasu a Barra a 1860 za ta iya ba ka sunayen iyayen ɗan uwanta da ya rasu a Cape Breton. Al'adar raɗin suna ma tana taimakawa, domin ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu kuma na wajen uwa, ko da yake alama ce kawai, ba kowane gida ya bi ta ba. Kada kuma ka rikita hijirarku da korar da Kanar John Gordon na Cluny ya yi wa mutanen Barra da na tsibirin South Uist a 1851, domin waɗancan a Quebec aka sauke su. Daga ƙarshe, idan wani ya ce muku ku jinin shugabannin dangin ne masu fadar Kisimul a garin Castlebay na Barra, ku nemi takarda, tunda talakawan da ke zaune a ƙasar shugaba su ma sunansa suke amsawa.